Bindigar Bahago

Malam Harun mutumin Malumfashi ne, kuma irin mutanen nan ne da ba sa yarda wani ya ɗaura musu ko labule. Shekara huɗu ke nan yana aiki a sashen takardu na ofishin jakadancinmu a Alƙahira, yana zaune da iyalinsa a hawa na biyar na wani bene a unguwar Mohandessin, kuma a shekarun nan babu mai gyaran famfo ko mai lantarki da ya taɓa taka ƙofar gidan. Shi zai kwance, shi zai mayar, in abin ya ƙi ya ce laifin masu ƙera shi ne.

Da likita ya ce jininsa ya hau, ya nemi abin da zai riƙa ɗauke masa hankali bayan aiki, kowa ya kawo tasa shawarar. Wani ya ce tattaki a bakin Nilu, wani ya ce iyo. Malam Harun ya saurare su tsaf, sannan ya je ya yi rajista a wani kulob ɗin harbi, inda dattawa da 'yan mata suke jeruwa shiru suna huda takarda da bindigar iska daga nisan mita goma. Ba bindigar farauta ba ce. 'Yar ƙwayar dalma take tofawa, wadda ba ta kai ƙwayar wake ba, kuma duk burin mai riƙe da ita shi ne ya samu baƙin ɗigon da ke tsakiyar takardar.

Wata uku ya yi yana aron bindigogin kulob, wata uku ɗigon nan yana zaune lafiya. Malam Harun ya ce ai bindigogin ne suka sha hannu, kowa ya zo ya murɗa saitinsu yadda ya ga dama. Ya yanke shawarar haɗa tasa da hannunsa, irin yadda wasu tsofaffin 'yan kulob suke yi. Takardun izini kuwa gonarsa ce, bai yi sati uku ba ya kammala su. Saman bindigar, wato bututun da tukunyar iskar, ya iso cikin kwali. Saura ƙasanta.

Ƙasan nan shi ne rabin da yake taɓa jikin mutum. A nan kunama take zama, a nan mariƙi yake, a nan gindin da ake tokarewa a kafaɗa da tudun da kunci yake kwantawa. Kuma sassaƙa shi ake yi daidai da hannu, na dama daban, na hagu daban. Wannan magana ta ƙarshe Malam Harun ya karanta ta a takardar bayani, ya yi saurin juya shafin.

To, ga abin da ba a sani ba a Alƙahira. Malam Harun bahago aka haife shi. Kakarsa Indo ce ta tsaya a kansa tun yana shekara uku, in an zo cin abinci ta sa tsumma ta ɗaure masa hannun hagu a ƙugu, in ya ɗauki alƙalami da shi ta ɗana masa ludayi a gaɓar yatsa. Kafin ya shekara bakwai komai da dama yake yi, kuma ya girma yana ganin baiwar Allahn nan ta cire masa wani abin kunya ne. Da aka haifa masa 'yarsa ta fari, Mardiya, ita ma ta fara miƙa hagu, sai ya yi mata abin da aka yi masa. Shi dai ɗan boko ne, bai ɗaure ta da tsumma ba. Fensir kawai yake zarewa daga hagu ya mayar dama, sau goma, sau ashirin a zama ɗaya, tana kuka yana cewa ta sake. Bai taɓa gaya mata cewa shi ma haka ya taso ba. Abin da ta sani kawai shi ne in baƙi suka zo, yakan nuna ta ya ce, "Wannan da kuke gani da hagu ta fara. Ni na gyara ta."

Yanzu Mardiya shekararta goma sha bakwai, tana ajin ƙarshe na sakandare, kuma ita ce bakin gidan. Larabcin Malam Harun na Islamiyya ne, mai cike da wasulla, in ya tambayi direban tasi hanya sai ka ce huɗuba zai fara. Ita kuwa Larabcin titi ne a bakinta. Don haka ranar Asabar da hantsi ya ce ta sa mayafi ta raka shi cikin gari.

Shagon da ake sayar da ƙasan bindigar yana wani lungu, matsattse ne, yana ƙamshin man goge katako. Mai shagon wata dattijuwa ce, Madam Widad, wadda a ƙuruciyarta ta yi gasar harbi, hotunanta na lokacin suna jere a bango. Ta duba takardunsa ɗaya bayan ɗaya, ta gyaɗa kai, sannan ta jero masa ƙasan bindiga guda uku a kan kantar shagon: na ƙarfe mara nauyi, na roba baƙi, da na katako mai duhu da aka goge shi har yana ɗaukar ido. Malam Harun bai ko kalli na robar ba. Ya ɗaga na ƙarfen ya ce sanyinsa ya yi yawa. Ya shafa na katakon, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya juya shi yana duba ramin da kunama za ta zauna, yana gyaɗa kai irin na wanda ya gaji sassaƙa.

"Ki ce mata wannan," ya ce wa Mardiya.

Madam Widad ba ta ɗauko leda ba. Ta yi magana, Mardiya ta fassara. "Abba, ta ce ka miƙa hannuwanka biyu gaba, ka haɗa su ka bar 'yar ƙofa a tsakiya, ka kalli agogon bango ta ciki."

Ya yi, yana murmushin wanda ake sa shi wasan yara.

"Ta ce yanzu ka jawo hannuwan zuwa fuskarka a hankali, kada agogon ya ɓace maka."

Ya jawo. 'Yar ƙofar ta zo ta zauna daidai idonsa na hagu. Kafin ya gama sauke hannu, matar ta ɗauki wani ƙaramin gwangwanin dalma ta cillo masa ba sanarwa. Hannun hagu ya tashi ya cafe shi a sama, na dama yana nan a gefe bai ma san an yi ba.

"Inta ashwal, ya ustaz," in ji Madam Widad.

Wannan bai jira fassara ba. Kunnensa ya kama kalmar da ya sani, ya gyara tsayuwa ya amsa da Larabcinsa mai wasulla cewa a'a, ba a Shawwal aka haife shi ba, a Rajab ne. Har ya so ya ƙara da ranar.

Madam Widad ta sauke tabarau ta kalle shi. Mardiya ta juya baya tana duba wata jaka da ba ta shafe ta ba, kafaɗunta suna rawa. Da ta samu ta haɗiye dariyar, ta dawo ta ce a hankali, "Abba, ba watan Shawwal take nufi ba. Ashwal shi ne bahago. Cewa ta yi kai bahago ne."

Dariyar ta ƙare a nan. Malam Harun ya ajiye gwangwanin a kan kanta, ya sha mur. Abin da ya fi ƙona shi ba kuskuren watan ba ne, yadda 'yarsa take kallon hannunsa ne, kallon da bai taɓa ganin ta yi masa ba.

"Ki ce mata ni da dama nake komai," ya ce. "Ki ce mata shekarata hamsin da biyu, na san hannuna."

Mardiya ta faɗa. Matar ta ɗaga kafaɗa, ta ce akwai irin wannan katakon na hagu, guda ɗaya ya rage, in yana so ya gwada. Ya ce ba ya so. Ta ce tamam, ta naɗe masa na daman cikin takarda, suka fito. Suka hau tasi suka koma gida.

Washegari bayan ya taso daga aiki ya shimfiɗa tsofaffin jaridu a teburin cin abinci, ya jera kayan bisa tsari, ya sa tabarau, ya hana kowa wucewa ta wajen. A gaskiya ya iya aikin hannu, wannan ba za a ƙwace masa ba. Ya bi takardar bayani layi-layi, ya zaunar da sama a kan ƙasa, suka haɗu cif. Zuciyarsa ta yi fari. Tun yana yaro yake son ya riƙe abu ya ce ni na yi wannan, ga shi yau a ƙasar mutane yana haɗa abin da rabin 'yan kulob sai sun kai wa gwani.

Sai aka zo kan wani ɗan ƙaramin noti da yake shiga ta cikin mariƙi, a wani lungu mai wuyar kai wa. Ya gwada da dama, notin ya suɓuce. Ya sake, ya faɗa kan jarida. A karo na uku ya gangara ƙarƙashin kujera, sai da ya durƙusa ya lalubo shi. Ya ɗaga kai ya dubi ƙofar kicin, ya dubi ta falo, babu kowa. Ya mayar da sukudireba hannun hagu. Notin ya shige a juyi ɗaya, sumul, yatsun suna tafiya da kansu.

"Abba, ga shayi."

Mardiya ce a tsaye a bayansa da faranti. Bai san tun yaushe take nan ba. Ta ajiye kofin a gefen jaridar, ta matsar da shi nesa da katakon don kada ya jiƙe, ta koma ciki. Shayin nan har ya huce bai taɓa shi ba.

Bindiga dai ta haɗu, kuma ta yi kyau. A kulob aka zagaye shi ana shafa katakon, ana cewa masha Allah. Ya tsaya a layinsa yana hura hanci, ya tokare ta a kafaɗar dama, ya kwantar da kunci. Idon dama ya ga hazo-hazo kamar kullum. Ba tare da ya sani ba wuyansa ya fara lanƙwasa yana tsallake katakon, yana neman kai idon hagu bakin saiti. Ya harba goma. Da takardar ta dawo, hudojin suna warwatse a gefe guda, ɗigon tsakiya yana nan lafiya lau. A da yana da bindigogin aro da zai ɗora wa laifi. Wannan kuwa shi ya zaɓa, shi ya haɗa, babu wanda ya taɓa murɗa mata komai.

Sati uku ya yi a haka, wuyansa ya sanƙare har juyawa a sallamar salla yana yi masa wuya. Matarsa Batulu tana shafa masa man zafi wata ranar Juma'a da yamma ta ce, "Abban Mardiya, wuyan nan naka dai bai yi maka laifin komai ba." Ya ce matashin kai ne. Ta ce to, Allah ya sawwaƙe wa matashin, ta rufe kwalbar. Shekara ashirin suna tare, ta sha ganin da wane hannu yake kore sauro in barci ya ɗauke shi.

Ba maki ne ya dame shi ba. Da shi kaɗai ne, da tuni ya saci hanya ya koma shagon ya canjo. Amma ranar da ya shigo gida da mariƙin hagu, ranar ce zai tsaya gaban Mardiya a matsayin mutumin da ya sa ta kuka a kan abin da shi ma yake ɗauke da shi. Yana tuna ta tana 'yar shekara huɗu a kan tabarma, majina da hawaye sun haɗu, tana riƙe fensir da hannun da ba ya jin maganarta. Me zai ce mata? Tsoro yake ji, tsoron kada girman da yake da shi a idonta ya zube, kuma bai san yadda ake ɗebo irin wannan ba in ya zube.

Ranar Asabar ta huɗu ya kwance ƙasan bindigar, ya naɗe shi a takardarsa ta asali, ya sa saman a jakarsa. Ya daɗe a tsaye a ƙofar ɗakinta kafin ya ƙwanƙwasa.

"Mardiya, sa mayafinki ki raka ni."

Madam Widad ta gan su ta ce ahlan, ba ta nuna mamaki ba. Malam Harun ya ajiye ƙunshin a kan kanta. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya kalli bango. Zai iya nuna na hagun da yatsa kawai, matar za ta gane. Amma ba don ita ya taho da 'yarsa ba.

"Ki ce mata," ya fara, ya tsaya. Ya juyo ya dubi Mardiya sosai. "Ki ce mata gaskiya ta faɗa. Ni bahago ne. Haka aka haife ni, kakata ce ta mayar da ni dama."

Mardiya ta sunkuyar da kai. "Abba, kalma biyu ce. Ana ashwal. Ka faɗa mata da kanka."

Ya faɗa, da dukkan wasullansa. Madam Widad ta duƙa ta ɗauko na hagun daga ƙarƙashin kanta, ta ce wani abu tana murmushi.

"Ta ce ma'alish, wato ba komai, ai ba abinci za ka ci da ita ba," in ji Mardiya. "Ka ci da dama, ka gaisa da dama, ka harba da hannun da Allah ya ba ka."

A nan kan kanta ya haɗa ta, da hagu, a gaban su biyun, bai ɓoye ba. Akwai wani dogon ɗaki a bayan shagon da ake gwaji, da takarda a ƙarshensa. Ya tokare gindin a kafaɗar hagu. Mariƙin ya cika masa tafi daidai, babban yatsa ya samu gurbinsa, kunci ya kwanta, wuya ya miƙe. Da ya duba ta saiti sai ga ɗigon nan tar, baƙi ƙirin, yana jiransa. Ya ja numfashi, ya saki rabi, ya taɓa kunama. Biyar ya harba. Ba dukansu suka shiga tsakiya ba, kada a yi masa ƙarya, amma sun taru wuri ɗaya har kwabo zai iya rufe su, kuma ɗaya ta cinye gefen ɗigon. Ya riƙe takardar nan yana kallo, ƙirjinsa ya cika. Madam Widad ta buga goshinta da tafin hannu ta ce shekara nawa ya ɓata.

Saura cike takarda, domin an canja wani sashe dole a rubuta a fom ɗin shagon. Da Larabci yake, layukan ƙanana. Matar ta tura wa Mardiya tare da biro. Malam Harun yana gefe yana zuge jakar bindiga, sai ya ga 'yarsa ta ɗauki biron da dama, ta riƙe shi jim kaɗan, sannan ta mayar da shi hagu. Ta karkata takardar, ta fara rubutu. Biron yana gudu, haruffan suna fita a tsaye, masu kyau, irin waɗanda bai taɓa gani a littattafan aikin gida da take yi a gabansa ba.

Ya saki zik ɗin jakar. "Tun yaushe?"

Ba ta ɗago ba. "Tun aji uku na firamare. A gida da dama, a makaranta da hagu."

"Jarrabawa fa?"

"Duka da hagu, Abba."

Ya zuba wa rubutun ido. Duk sakamakon nan da yake ɗauka a waya yana tura wa 'yan uwa a Malumfashi, duk na ɗayan da ta yi, duk yabon malamai da yake karɓa yana cewa tarbiyya ce, ashe hannun da ya hana ne ya rubuta su. Yarinya 'yar shekara takwas ta zauna ta raba rayuwarta biyu don kada ransa ya ɓaci, ta riƙe abin shekara tara ba ta taɓa kuskurewa a gabansa ba. Kunya ta kama shi har cikin ƙashi. Amma a ƙarƙashin kunyar akwai wani abu da ya fi ta ƙarfi yana tasowa, domin shi da aka ɗaure shi ya miƙa wuya, ita kuwa ba ta miƙa ba.

Madam Widad ta leƙa rubutun, ta dubi yarinyar, ta dubi uban, ta yi tambaya.

"Me ta ce?" ya tambaya.

Mardiya ta tsayar da biron. "Tana tambaya ko ni ma haka nake."

Malam Harun ya miƙe tsaye sosai, ya ɗora hannu a kan kantar shagon kusa da takardar.

"Ki ce mata eh," ya ce. "Ki ce mata ni kika biyo. Kuma ki ce mata na yi ƙoƙarin ɓata ki, Allah bai ba ni sa'a ba."

Mardiya ta buɗe baki za ta fassara, Larabcin ya ƙi fitowa. Ta goge ido da gefen mayafi, ta ja fom ɗin gabanta ta ci gaba da rubutu, shi kuma ya matso yana riƙe mata gefen takardar don kada ta zame.